Motar Da Ba A Shiga Da Takalmi

Ƙarfe ɗaya saura kwata na rana wayar ofishin 'yan sanda ta yi ƙara. Sufeto Kuramochi tana cikin cin shinkafarta, ta ɗauka da hagu. Wani manomi ne. Ya ce ya tsinci tsohuwa kwance a bakin hanyar gonakin bado, kekenta mai ƙafa uku ya lanƙwashe, can gaba kuma ga wata farar mota ta kafa hanci cikin laka, ƙofa a buɗe, ba kowa a ciki.

Ta rufe kwanon abincin. "Onuki, tashi."

Tun safe ake yayyafi. Kafin su isa, motar asibiti ta riga ta tafi da tsohuwar. Tobita Kinu sunanta, shekararta saba'in da huɗu, kuma babu wanda bai san kekenta ba a wannan hanya. Saiwar badon da ta ɗauko za ta kai wa 'yarta ta watse a kan tsakuwa, haɗe da fasasshen gilashin fitilar mota.

Kuramochi ta tsaya tana kallon sawun taya. Motar ta ja birki daidai inda tsohuwar ta faɗi, ta tsaya har tayoyinta suka ɗan nutse. Daga nan ta sake tashi da ƙarfi, ta yi kamar taku hamsin, ta kauce ta faɗa gona.

"Ya tsaya," ta ce. "Ya gan ta da idonsa, sannan ya tafi."

Saja Onuki, ƙato mai tumbi wanda ya girme ta da shekara biyar, ya riga ya isa wurin motar. Ya leƙa ciki, ya yi fito.

"Ranki ya daɗe, zo ki ga ɗakin amarya."

Ta zo ta gani. Sitiyari a naɗe da farin gashi. Gaban motar an shimfiɗe shi da farar fata mai laushi, an jera kwalaben turare a kai. Kujeru duk karammiski. Daga rufi wata fitilar ƙarau tana lilo, madubi kuma ya sha layun wurin ibada da tuntaye har ya sunkuya. Kowace taga da labulen leshi, har ta direba. A jikin ƙofa an manna takarda da manyan baƙaƙe: A CIRE TAKALMI.

"Kai, mutumin nan ya iya," in ji Onuki. "Dubi ɗinkin kujerar nan."

"Dubi labulen nan," ta ce. An ja shi ya rufe rabin tagar direba, ɓangaren da hanyar tsohuwar ta ɓullo. "Ta nan ta fito. Ta ina zai gan ta?"

"To ai mutum ya ƙawata abinsa ba laifi ba ne."

"Kai da ka jera 'yan tsana talatin a gaban motarka, dama me za ka ce?"

"Ashirin da takwas ne. Kuma 'yata ce ta ciyo su a gidan wasa."

Ta galla masa harara. Irin waɗannan motoci tun tana yarinya suke tafasa mata zuciya. Mahaifinta haka yake. Ta girma tana tsayawa da ƙafa ɗaya a cikin ruwan sama tana kwance igiyar takalmi, shi kuwa yana zaune a ciki yana kallon tafin safarta.

Ta tsuguna daga waje, ba ta shiga ba. Ƙasan motar farin kafet ne, fes, babu ko ɗigon laka, a ranar da duk garin ya zama taɓo. Farantin roba da ake aje takalmi a gefen kujerar direba babu komai a kansa. Ta haska tocila ƙarƙashin sitiyari. Wani silifa na cikin gida, na ƙafar dama, ya maƙale a ƙarƙashin birki.

Suka duba ko'ina. Ɗan'uwan silifan ba ya cikin motar.

Suna komawa ofis suka tarar da mai motar yana jiransu. Ebisawa Noboru, mai shagon labule da kafet a bakin kasuwa, ya zo ba da rahoton an sace masa mota. Yana zaune a kan benci cikin farar riga da farin wando. Matarsa Sumie tana tsaye a bayansa, ta rungume jaka, idonta a ƙasa.

Bai tashi ya gaishe su ba. "Kun gan ta? Ina take? Wa ya shiga ciki? Kada dai ku ce mini kun shiga da waɗannan takalman naku!"

"Malam Ebisawa," in ji Kuramochi, "motarka ta buge tsohuwa. Tana asibiti, ba ta san inda kanta yake ba."

"Na ji. Abin tausayi. Amma ina tambaya ne, an taka mini kafet?"

Ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta buɗe littafinta a hankali don kada ta jefe shi da shi.

"Ina aka sace ta?"

"A bakin shagon taliyar Nemoto. Na ci abinci, na biya, na ɗan taka zuwa bakin kogi abincin ya faɗa. Na dawo, babu mota."

"A cikin yayyafi ka je yawo?"

"Da lema. Haramun ne?"

"Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da wani abu."

"Yanzu biyu ta wuce. Me ya hana ka kiran mu tun lokacin?"

"Na kira matata ta ɗauke ni, muka yi ta zagaye muna nema. Ko ba haka ba, Sumie?"

"Haka ne," in ji matar, da ƙyar aka ji ta.

"Akwai kyamara a motar?"

Ya yi tsaki. "In manna wannan mummunan baƙin abu a gilashina? Ni dai ku daina ɓata lokaci. Na san wanda ya ɗauka." Ya juya ya ce wa matarsa ta je ta sayo masa ruwa. Sai da ta fita ya matso da kansa. "Ƙanenta ne, Shunpei. Manomin bado. Da na dawo daga kogi na ga akwalar motarsa a wurin, shi kuma babu shi. Makullina na biyu da ke rataye a gida ya ɓace. Kuma ya rantse a gaban mutane sai ya dasa motata a cikin laka. Ku tambayi kowa."

"Me ya haɗa ku?"

"Hassada. Mutumin da motarsa take warin kifi da taki."

"Ɓarawon ya cire takalmi kafin ya shiga," ta ce. "Wanda ya tsani motarka haka zai yi mata wannan ladabi?"

"Ya san in ya shiga da takalmin gona ko makaho zai gane shi. Ba wawa ba ne, mugu ne."

Onuki ya gyaɗa kai, alamar maganar ta shige shi. Kuramochi kuwa ta dubi ƙasa. Idonta yana kan ƙafafun Ebisawa. Baƙin takalmi ne mai faɗi, irin na masu gadi, sabo fil, ko lanƙwasa bai yi ba. Mutumin da ya yi fari tun daga wuya har idon sawu.

Shagon taliyar Nemoto yana da wurin ajiye motoci na tsakuwa, mai cin mota biyar. Matar shagon tana wanke tukunya ta amsa musu, ba ta ko juyo ba.

"Ebisawa? Ya zo. Kullum Talata yana zuwa. Ya ƙarar mini da takardar goge hannu yana goge takalminsa, kamar yadda ya saba."

"Wane takalmi?"

"Farin nan mai tsinin baki. Yana da wani ne? Da shi za a binne shi."

"Kin ga tafiyarsa?"

"'Yar nan, tururi ya rufe mini gilashi, ga baƙi takwas. Ya biya ya fita, iyakar sanina ke nan."

"Shunpei fa?"

Nan ta ajiye tukunyar. "Ya kawo mini bado ta ƙofar baya. Bayan nan na hange shi ya gitta ta ƙofa, ya ɓoye wani abu a cikin rigar ruwansa, yana ta dariya shi kaɗai." Ta goge hannu. "Amma ku ji, yaron nan ba ɓarawo ba ne. Fushinsa yana da dalili. Bara uwarsu ta kwanta ciwo, ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana sarƙewa. Aka zo kai ta asibiti, Ebisawa ya ce sai an cire mata takalmi. Takalmi ya ƙi fita. Minti goma tsohuwa tana tsaye a ruwa ana ja. Daga ƙarshe Shunpei ya goya ta ya sa a bayan motar gonarsa. Ni da kaina da na samu laka a ranar da na watsa wa motar."

Suna fitowa wayar Kuramochi ta yi ƙara. Asibiti ne. Ta saurara, ta ce ta gode, ta kashe.

"Ta rasu," ta gaya wa Onuki. "Likita ya ce jini ne ya ƙare mata. Ta fi minti arba'in kwance a wurin. Da an kawo ta da wuri da ta tashi."

Ta daki tsakuwa da ƙafa har ta fantsama a jikin motarsu.

Sun sami Shunpei a gonarsa, laka har ƙirji, yana feshin ruwa yana tono saiwa. Ya fito yana ɗiga. Mutum ne siriri mai kimanin shekara arba'in, fuskarsa a ɗaure.

"Ina kake da sha biyun rana?"

"Nan."

"Ba ka je ko'ina ba?"

"Na ce nan nake."

"Yaushe rabonka da mijin yayarka?"

"Na manta. Ba na son ganinsa, shi ma haka."

"Nemoto ta ce ka kai mata bado."

Ya kau da kai. "Tsufa ya kama ta. Jiya ne."

"Shiga mota," in ji Kuramochi.

A ɗakin tambayoyi ya zauna ya naɗe hannu, ya ƙi shan shayin da aka kawo masa. Shugaban ofis ya leƙo, ya kira Kuramochi waje. Ya ce mata ga dalili, ga barazana a gaban shaidu, ga ƙarya, gonarsa kuma ba ta da nisa da inda motar ta faɗa. Gobe da azahar a tura takardunsa wurin mai gabatar da ƙara. Sata, da kisa, da gudu.

Ta koma ciki ta rufe ƙofa.

"Cire takalminka."

Shunpei ya zare ido. "Ke ma? Nan ma motarsa ce?"

"Cire. Da safar."

Ya fizge su ya jefar. Ta duba tafin ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Fata ce mai kauri, ta yi fari saboda ruwa, babu ko ƙwarzane. Wanda ya tuƙa motar nan ya bar silifa ɗaya a ƙarƙashin birki, ya gudu da ƙafar dama daga ita sai safa, a kan tsakuwa da fasasshen gilashi.

Ta zauna. "Tobita ta mutu. Ka san wa ake shirin ɗora wa?"

"Ban sani ba, ban ga komai ba."

"Kai. Mijin yayarka ya zauna a bencin can ya ce kai ka sace makulli, kai ka sace mota, kai ka buge ta."

Shunpei ya ƙura mata ido. Sai ya miƙe, kujerar ta kife a bayansa.

"Ni? Ni ya ce? Wannan ɗan tsanar? Yaya Sumie ta kira ni tana kuka, ta ce don girman iyayenmu in an tambaye ni in ce ban gan shi ba yau. Ban ma tambaye ta dalili ba! Na yi shiru saboda ita, shi kuma ya..." Ya naushi bango. Onuki ya riƙe shi ya zaunar.

"Me ka gani?"

"Ina shigowa wurin ajiye motoci yana zaune a cikin akwatin gawarsa, ƙofa a buɗe. Da ya hango motata duk laka za ta tsaya kusa da shi, sai ya ja ƙofa ya fizgi mota kamar an biyo shi. Tsoro yake kada in fantsama masa."

"Sai me?"

"Sai na ga ya bar takalminsa." Duk da fushin, sai da bakinsa ya ɗan motsa. "A jere a kan tsakuwa, ruwa yana zuba a ciki. Na kai wa Nemoto kayanta, na dawo na ɗauke. Niyyata in cika su da laka in kai masa ranar sabuwar shekara, a gaban dangi."

"Yaya suke a jere? Bakinsu ina yake kallo?"

"Waje. Dunduniyarsu tana wajen da ƙofar take."

Kuramochi ta rufe littafinta. Haka ake yi. Mutum ya ba mota baya, ya zauna a bakin kujera, ya zare ƙafafu, ya juya ya sa silifa, sannan ya sunkuya ya ɗauko takalmin ya ɗora a faranti. In wani abu ya ɗauke masa hankali kafin ya sunkuya, shi ke nan. Mahaifinta sau uku yana dawowa gida da silifa, takalminsa yana can bakin kasuwa yana gadin fili.

Onuki ya je ya ɗauko takalman a bayan kujerar motar Shunpei. Farare, masu tsinin baki, cikinsu a jiƙe. Shugaban ofis ya dube su ya ɗaga kafaɗa. Ya ce Ebisawa zai iya cewa yana da irinsu biyu, ɗaya yana cikin mota ɓarawo ya ɗauke, kuma samun su a hannun Shunpei ma ƙara ɗaure shi ya yi. Babu alƙalin da zai ba da takardar duba ƙafar mutumin da ya kawo ƙara da kansa. Gobe da azahar tana nan yadda ya faɗa.

"Ba na bukatar takarda," in ji ta. "Shi zai cire da hannunsa."

Washegari da hantsi aka kira Ebisawa ya zo ya duba abin da ɓarawo ya ɗauke masa. An jawo motar daga gona, tana tsaye a filin bayan ofis. Sumie ce ta tuƙo shi, ta tsaya dab da motar don kada ya yi tafiya mai nisa. Ya sauko a hankali, yana taka ƙafar dama kamar mai taka ƙwai.

"Sanyin ƙashi," ya ce, ganin Kuramochi tana kallo. "In damina ta ja haka yake mini."

Daidai nan wani kurtu ya fito da Shunpei ta ƙofar baya, da ankwa a hannunsa. Sumie ta saki jakarta.

"Shunpei? Me ya yi? Me ya sa kuka ɗaure shi?"

"Mijinki bai gaya miki ba?" in ji Kuramochi. "Ya ce ƙanenki ne ya sace motar ya kashe Tobita. Da azahar za mu miƙa shi."

Sumie ta juya ta dubi mijinta. "Ka ce mini baƙo za ka ce. Ka ce wani wanda ba a sani ba."

"Rufe mini baki!" Ya juya wurin Kuramochi da sauri. "Ruɗewa ta yi. Tana nufin da farko mun zaci baƙo ne."

"To. Shiga ka duba mana kayanka."

Ya leƙa ta taga. "Komai yana nan. Ina gani daga nan."

"Doka ta ce sai an buɗe kowane aljihun mota, an ɗaga kafet. In ba za ka iya ba saboda ƙafarka, ba komai. Onuki, shiga."

Onuki ya sa takalman da ya shiga gonar bado da su jiya, ba a wanke ba. Lakar ta bushe a sama, ƙasa kuma ya tattaka wani kududdufi da gangan. Ya buɗe ƙofa ya ɗaga ƙafa. Wani dunƙulen taɓo ya yi lilo a bakin dunduniyarsa, daidai saman farin kafet.

"Kai! Kai! Mahaukaci ne kai? Ba ka iya karatu ba? Sauke ƙafar nan!"

"Yallabai, aiki ne," in ji Onuki. "Ni ma raina ba ya so. Kafet mai kyau."

"Matsa! Ni zan shiga!"

Ya ture Onuki, ya ba motar baya, ya zauna a bakin kujera. Shekara ashirin yana yin haka sau goma a rana, ƙafafunsa ba su jira shawararsa ba. Yatsan wannan ya danne dunduniyar wancan, takalman biyu suka zame suka faɗi a jere, bakinsu yana kallon waje.

Ƙafar hagu da farar safa. Ta dama a naɗe da bandeji har idon sawu, jini ya ɓullo ta tafin ya yi baƙi.

Kuramochi ta karɓi leda daga hannun kurtu, ta zaro fararen takalman, ta ajiye su kusa da baƙaƙen. Sannan ta ɗora silifan da aka ciro daga ƙarƙashin birki a kan cinyarsa.

"Ina ɗan'uwansa?"

"Ƙusa na taka a shago," ya ce.

"Yana cikin kwandon sharar gidanmu," in ji Sumie. Ba ta ƙara sunkuyar da kai ba. "Da makullin na biyu, shi ya ce in jefa. Na same shi a bayan rumbun wani yana ɗingishi. Ni na cire masa gilashi guda huɗu a ƙafa, ni na sayo wannan takalmin, na ƙara lamba biyu don bandeji ya shiga. Ku rubuta, zan sa hannu."

"Sumie!"

"Kada ka ƙara kiran sunana! Shekara ashirin ina shiga motar nan kamar mai shiga kabari. Ban taɓa cin ko alewa a ciki ba. Ka tsayar da uwata a ruwa na yi shiru. Yanzu ƙanena za ka ba su? Ƙanena?"

Ebisawa ya dubi Shunpei, jijiyar wuyansa ta tashi. "Duk kai ka ja! Da ba ka shigo da wannan juji naka kusa da ni ba, da ban yi sauri ba! Ita ma tsohuwar, wa ya ce ta fito ba ta duba ba?"

"Labulenka ya rufe ta," in ji Kuramochi. "Wannan na sani. Abin da nake so in ji, ka tsaya a kanta. Sawun tayarka ya nuna. Me ka yi?"

Ya sunkuyar da kai ya dubi bandejinsa.

"Asibiti minti goma ne daga wurin. Me ka yi?"

"Na sauke gilashi," ya ce a hankali. "Na miƙa hannu faranti in ɗauki takalmi in fita, babu takalmi. Tana kwance. Ta ɗago mini hannu."

"Sai?"

"Jikinta duk laka. Ga jini ta ko'ina, har a gashinta. Na ce in na ɗauko ta..." Ya juya ya dubi kujerar baya. Hannunsa ya shafi karammiskin ba tare da ya sani ba. "Wata takwas na jira kafin a saƙa mini wannan. Ba ya wankuwa. Na ce wani zai zo wucewa. Ai hanya ce, mutane suna wucewa."

"Ko waya ba ka yi ba."

"Da na yi, da an san ni ne. Na taka mota, silifa ya zame ya shige ƙarƙashin birki, sai na gan ni a gona."

Onuki, wanda jiya yake yabon ɗinkin kujera, ya miƙa hannu ya fizge labulen tagar direba har ƙarfensa ya karye, ya cusa a ledar shaida.

"A hankali!" in ji Ebisawa. "Leshin hannu ne!"

"Kwance wa wancan ankwa," Kuramochi ta ce wa kurtu. "Ka kawo ta nan."

Aka kwance Shunpei. Bai ko dubi mijin yayarsa ba. Ya je ya ɗauki jakar Sumie daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya riƙe mata, suka bi Onuki ciki don ta ba da bayani.

Kuramochi ta karanta wa Ebisawa laifinsa, ta faɗi sunan Tobita Kinu da shekarunta da ƙarfi yadda duk filin zai ji. Aka mayar masa da baƙin takalmin, aka ɗaga shi. Motar da za ta kai shi asibiti a ɗinke ƙafar kafin a rufe shi tana jira a bakin ƙofa. Tsohuwar mota ce, ƙasanta duk busasshiyar laka da ɓawon gyaɗa, kujerar baya ta ɗauki mashaya da masu amai ba adadi.

Kurtu ya buɗe ƙofa. Ebisawa ya juya ya ba motar baya, ya zauna a bakin kujera, ya fara danna dunduniya da yatsa.

"Bar su," in ji Kuramochi. Ta ɗaga ƙafafunsa da takalman ta tura ciki. "Nan ba ruwanmu da abin da mutum ya taka."

Ta rufe ƙofar.